Kashin karena ya koma baƙi, in jira ko in kai shi asibiti?

Lawal: Assalamu alaikum. Ina da kare ɗan shekara 4, kuma tun jiya da safe na lura kashinsa ya koma baƙi wuluk, yana da danƙo kamar kwalta, warinsa kuma ya fi na kullum ƙarfi. Yana cin abinci, sai dai ba ya cinyewa, kuma ya fi son kwanciya. Makon jiya ma ya yi kore sau ɗaya, ban damu ba saboda na gan shi yana cin ciyawa. Kwana uku da suka wuce ya gurɗe ƙafa, na ba shi ibuprofen cikin nawa sau biyu don ciwon ya lafa. Shin in ƙara sa masa ido na kwana biyu?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam, Malam Lawal. Ba kowane sauyin launi ne cuta ba. Ruwan madaciya ne ke ba kashi launin ƙasa-ƙasa, abin da kare ya ci kuma yana iya rinjayarsa. Wanda ya ci hanta da yawa, ko aka ba shi maganin ƙarin jini ko gawayin magani, kashinsa zai yi baƙi. Wanda ya cika gwaguyar ƙashi, kashinsa zai yi fari mai marmashewa kamar alli. Idan sau ɗaya ne kuma kare na cikin kuzarinsa, ni dai nakan jira yini guda in gani.

Malam Sabo: Hajiya, bayaninki daidai ne, amma a nan ban goyi bayan jira ba, domin akwai maganar ibuprofen. Wannan magani, da aspirin da danginsu, yana iya cinye fatar cikin kare ya haifar da gyambo, yana kuma iya taɓa ƙoda, ko da adadin da mutum zai ga kaɗan ne. Jinin da ya zuba a ciki ko a farkon hanji yakan narke tare da abinci kafin ya fito, shi ya sa ba ya fitowa ja, sai baƙi mai danƙo irin wanda ka kwatanta. Jan jini kuwa, wanda ake gani layi-layi a jikin kashi, daga ƙarshen hanji ko dubura yake fitowa, kuma sau da yawa bai kai wancan haɗari ba. Malam Lawal, kada ka sake ba shi maganin. Ka ɗaga leɓensa ka duba dasashinsa: idan ya dushe ya yi fari maimakon ja-ja, jini ya ragu ke nan, kada ka bari dare ya yi. Ko bai dushe ba, ka kai shi yau, ka tafi da kwalin maganin da ɗan kashin sabo a leda.

Hajiya Binta: Gaskiya maganar maganin ta wuce ni, na janye batun jira. Sai dai ina so in koma kan koren nan. Ciyawa ce ta fi kawo shi, amma maganin ɓera da yawa ana rina shi kore ko shuɗi, kuma irin wanda ke hana jini daskarewa ba ya nuna alama sai bayan kwana 3 zuwa 5. Idan akwai shi a gidan, ka gaya wa likita, domin yana da makari, wato bitamin K1. Masu kwikwiyon da bai kammala allurar rigakafi ba kuma, zawon jini mai tsananin wari tare da amai yana iya zama cutar fabo (parvo), wata cutar karnuka mai yaɗuwa, wadda ke kisa cikin 'yan kwanaki.

Lawal: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Babu maganin ɓera a gidan, amma na duba dasashin, ya yi haske fiye da yadda na san shi. Na kira likita, ya ce in kawo shi yanzu, kada in ba shi wani magani kafin mu iso.