"Ruwa ba ya tsami banza": ta isa hujjar zargin wani idan mutum ya yi ɓatan dabo?

Malam Tanko:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da nake so mu duba yau ita ce "ruwa ba ya tsami banza". Da zarar an yi cigiyar mutum, an kwana biyu ba labari, sai masu hasashe a intanet su ɗauko ta. Wani ya ce mijin bai zubar da hawaye a gaban 'yan jarida ba, ruwa ba ya tsami banza. Wata ta ce maƙwabcin ya wanke motarsa washegari, ruwa ba ya tsami banza. A fahimtata iyakar abin da maganar ke faɗa shi ne komai yana da dalili. To ta yaya ta zama hujjar nuna mutum da yatsa?

Hajiya Indo:
Wa alaikumus salam, Malam. Fahimtarka daidai ce. Ruwa kan yi tsami saboda randar da aka zuba shi, ko zafi, ko daɗewa, ba lallai sai wani ya jefa abu a ciki ba. Ɓatan mutum ma dalilansa da yawa: haɗari, ciwon mantuwa na tsufa, taɓin hankali ko matsananciyar damuwa, gudu daga gida don bashi ko rikici, sannan kuma aikin miyagu. Masu shaci-faɗi kan tsallake huɗun farko su dira kan na ƙarshe, don shi ne mai daɗin ba da labari.

Ku dubi abin da ya faru a Ingila a 2023. Ranar 27 ga Janairu wata mata mai shekara 45 ta kai 'ya'yanta makaranta, ta fita da karenta bakin kogin Wyre a yankin Lankasha, daga nan ba a sake ganinta ba. An tarar da wayarta a kan benci tana haɗe da taron ofis na intanet, karen yana kusa. Tun da wuri 'yan sanda suka ce abin da suka fi rinjayarwa shi ne ta faɗa kogi. Masu TikTok suka ƙi yarda, suka zargi abokin zamanta da ƙawayenta, suka cika ƙauyen suna ɗaukar bidiyo, har sai da aka ba da umarnin tarwatsa su. Ranar 19 ga Fabrairu aka ga gawarta a cikin ciyayin gaɓar kogin, kimanin mil ɗaya daga bencin. Zaman binciken musabbabin mutuwa da aka yi a watan Yuni ya yanke cewa tsautsayi ne, ta nutse a ruwan da sanyinsa ya kai kusan digiri 4. Dalili kam akwai shi, amma bai shafi ko ɗaya daga cikin mutanen da aka ci wa mutunci ba.

Ɗanlami:
Hajiya, ki yi mini afuwa, zan ɗan saɓa. Idan muka bi wannan, za mu faɗa wa "zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya", alhali bincike ba ya tafiya sai da zato. Su kansu jami'an bincike da na kusa suke farawa: miji, mata, abokin ciniki, wanda ya yi masa ganin ƙarshe. Me ya sa zaton ya halatta gare su ya haramta gare mu?

Baban Amira:
Ɗanlami ɗan'uwana, tambayarka ta yi. Bambancin yana ga abin da ake yi da zaton bayan an yi shi. Jami'i idan ya zargi mutum, yana da hanyar gwada zargin. Zai tambaye shi ina yake daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, ya nemi bayanan kiran waya daga kamfanin sadarwa ta hanyar doka, ya duba kyamarorin tsaro na hanyar da ya ce ya bi, ya duba inda aka yi amfani da katin bankinsa. In komai ya yi daidai sai ya cire sunansa, kuma duk wannan a cikin fayil yake, duniya ba ta ji ba. Mai rubutu a intanet ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, don haka ba shi da hanyar wanke kowa. Sunan da ya jefa ya jefu ke nan. Nan ne "magana zarar bunu ce" ta zauna daram.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Boston a Amurka. An tayar da bama-bamai a gasar gudun fanfalaki ranar 15 ga Afrilun 2013. Hukumar FBI ta fitar da hotunan mutum biyu da take nema. A daren da aka fitar da hotunan, masu amfani da dandalin tattaunawa na Reddit da Twitter suka ce ɗaya daga cikin mutum biyun wani ɗalibin Jami'ar Brown ne da ya ɓace tun tsakiyar Maris, wanda iyalansa ke cigiyarsa a Facebook. Aka yi wa iyalan ruwan zagi da kiraye-kirayen waya, har suka rufe shafin cigiyar na ɗan lokaci. Washegari aka bayyana ainihin waɗanda ake zargi, babu shi a ciki. Ranar 23 ga Afrilu aka tsamo gawarsa daga kogi a birnin Providence, inda jami'ar take. Reddit ya nemi gafara, amma iyayen da ke neman ɗansu sun riga sun kwana da sunansa a matsayin ɗan ta'adda.

Maman Khalil:
Ai wannan shi ne "kama da wane ba ta wane". Ni ina ganin ita ce karin maganar da ta fi dacewa da batun ɓata gaba ɗaya. Duk cigiyar da ta yi suna sai an sami ɗimbin masu cewa sun ga mutumin a tasha, a asibiti, har a wata ƙasa, kuma yawancinsu da zuciya ɗaya suke faɗa. Matsalar ƙwaƙwalwa ce: mutum in ya kalli hoton cigiya sau goma, sai fuskar hoton ta maye gurbin fuskar da ya gani a hanya, shi kansa bai sani ba.

Shi ya sa wanda yake ganin ya ga wani abu, kafin ya karanta sharhin kowa ya ɗauki takarda ya rubuta: wace rana, ƙarfe nawa, kuma da me ya gane lokacin (saƙon da ya aika a daidai lokacin, ko rasidin da ya karɓa), a ina yake tsaye, taku nawa ne tsakaninsu, da rana ne ko da dare, wane kaya mutumin ya sa, ina ya nufa, shi kaɗai ne ko da wani. Abin da bai lura da shi ba ya rubuta "ban lura ba", kada ya cike gurbin da tunani. Sai ya miƙa wa jami'in da ke riƙe da binciken. In hoto ne ko bidiyo, a ba da ainihin fayil ɗin daga wayar, domin Facebook da WhatsApp suna goge bayanan lokaci da wurin da ke jikin hoto in an tura shi yadda aka saba, sikirinshot kuwa ba ya ɗauke da su sam.

Garba:
Ni wadda nake amfani da ita ga masu tururuwa zuwa wurin da aka yi wa mutum ganin ƙarshe ita ce "sawun giwa ya danne na raƙumi". Sawu ɗaya ake nema, mutum hamsin su bi ta kansa.

Malam Tanko:
Garba, asalin wannan maganar kan fifiko take, babba ya zo ya shafe ƙarami. Jan ta zuwa nan akwai ɗan tilastawa, ko da yake na gane nufinka.

Garba:
Na yarda, Malam, amma ɓarnar gaskiya ce. Masu bin sawu suna buƙatar zanen ƙasan takalmin mutum a wuri ɗaya tsaf don su san hanyar da ya ɗauka. Karen bincike kuma yana buƙatar abin da ke ɗauke da warin mutumin shi kaɗai, kamar rigar filo ko rigar da ya cire bai wanke ba. In 'yan uwa biyar sun ɗaga rigar suna kuka, ta gama aiki. A bar ta inda take, mai kare ya ɗauka da kansa. Kada a share ɗakin, kada a zubar da kwandon shara, a ajiye buroshin haƙori da mataji saboda gwajin ƙwayoyin halitta.

Sanin hanyar nan shi ne kan gaba saboda lissafi. Mai tafiya a ƙasa yana cin kamar kilomita 4 a awa. Bayan awa ɗaya, da'irar da zai iya kasancewa a ciki ta kai murabba'in kilomita 50. Bayan awa biyu ta zama 200, bayan uku ta haura 450. In an san ya nufi gabas, an rage kaso mafi girma na wannan filin. Kuma a daina cewa sai an cika awa 24 kafin a kai rahoto. Yaro, tsoho mai mantuwa, ko mai shan maganin da ba ya iya tsallakewa, nan take ake sanar da hukuma.

Hajiya Indo:
Bari in ƙara kan waya da ruwa, don a nan masu hasashe suka fi tafka kuskure. In aka ce waya ta yi magana da turken sadarwa (dogon ƙarfen sabis) kaza, ba a ce ga inda take ba. A cikin birni yankin turke kan zama ɗaruruwan mita, a karkara kuwa kilomita da yawa, kuma waya ba kullum take kama turken da ya fi kusa ba. Sannan inda waya take daban, inda mai ita yake daban.

Game da ruwa, sai ka ji ana cewa "an duba kogin ba a gan ta ba, ashe ba ta ciki". Gawa nutsewa take yi, sai iskar ruɓewa ta taru a jiki sannan ta taso, kuma ruwa mai sanyi yana jinkirta wannan har makonni. Na'urar da ke leƙa ƙasan ruwa da amon sauti tana gani sosai a shimfiɗaɗɗen ƙasa, amma ciyayi da saiwoyin gaɓa suna rufe mata.

Ɗanlami:
To na ji. Amma kada mu manta "mai nema yana tare da samu". A 1968 an tsinci gawar wata mata naɗe cikin tamfol a kusa da Georgetown a jihar Kentucky, aka binne ta ba suna. Wani ma'aikacin masana'anta, wanda ba ɗan sanda ba, ya shafe shekaru yana bibiya, har a 1998 ya ci karo da cigiyar da wata ta saka a intanet tana neman 'yar'uwarta. Aka tono gawar, gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar ita ce. Shekara 30, kuma ɗan sa-kai ne ya warware.

Baban Amira:
Gaskiya ne, kuma ya cancanci yabo. Amma dubi irin aikin da ya yi: ya haɗa shekaru, tsawo, launin gashi da lokacin ɓata na cigiya ɗaya da bayanan gawa ɗaya, ya kai wa hukuma ta gwada. Bai ambaci mai laifi ba. Wannan aikin har yanzu ana buƙatarsa, shi ya sa Amurka ta buɗe NamUs, rumbun bayanan waɗanda suka ɓace da gawarwakin da ba a gane ba, wanda jama'a ke iya dubawa, Interpol kuma take fitar da sanarwa mai launin rawaya kan waɗanda suka ɓace.

Sai dai yawan masu nema shi kaɗai ba ya kawo samu. Da attajiri Steve Fossett ya ɓace da ƙaramin jirginsa a Nevada a Satumban 2007, an zuba hotunan tauraron ɗan'adam a intanet, dubban mutane suka yi ta dubawa suna turo wuraren da suke zargi. Ba a same shi ta nan ba, sai ma aka ɗora wa masu aikin ceto nauyin tace rahotanni. Bayan shekara guda wani mai yawon dutse ya tsinci katunan shaidarsa kusa da Mammoth Lakes a Kalifoniya.

Maman Khalil:
Akwai kuma "shiru ma magana ce", da ake yi wa 'yan sanda in sun ƙi bayani, ana nufin suna rufa-rufa. Sau da yawa da gangan suke riƙe wasu bayanai, kamar abin da aka tsinta a aljihu ko yadda aka bar ƙofa, don in wani ya kira ya ce ya san abin da ya faru, a gwada shi da abin da bai fita a jarida ba. Duk bayanin da ya yaɗu ya daina amfani a wannan gwajin. Ban ce ba sa kuskure ba. A batun kogin Wyre, da surutu ya yi yawa sai suka fitar da bayanan lafiyar matar na sirri, kuma bitar da Kwalejin Aikin Ɗan Sanda ta Birtaniya ta yi daga baya ta soki hakan. Iyali suna da cikakken haƙƙin su nemi lambar ƙara da sunan jami'i ɗaya da zai riƙa ba su labari, su kuma kai kuka sama in an yi sakaci.

Garba:
Ga mai son taimakawa da gaske, kyamarori ne suka fi gaggawa. Na'urorin tsaro na shaguna da gidaje suna goge tsohon ɗauka su rubuta sabo a kai, wasu bayan mako ɗaya, wasu bayan wata guda. Kyamarar gaban mota kuwa cikin awoyi kaɗan take shafewa, don haka a zare katin ajiyarta tun ranar. A bi hanyar da ake zaton mutumin ya bi, a rubuta kowace kyamara da inda take kallo, a roƙi mai ita ya kwafe daga awa biyu kafin lokacin zuwa awa biyu bayansa. A gwada agogon na'urar da na waya a rubuta ratar, domin na'urar da ke baya da minti 20 ta isa ta sa a zargi wanda ba ya wurin. A takardar cigiya kuma a sa lambar 'yan sanda da lambar ƙara maimakon lambar iyali, saboda 'yan damfara suna kiran iyalai su ce mutumin yana hannunsu, a turo kuɗi.