Yaƙin Habasha da Eritriya: a wuyan wa alhakin yake?

Ɗalibi daga Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Jiya bayan la'asar muhawara ta kaure a majalisarmu kan yaƙin da aka gwabza tsakanin Habasha da Eritriya daga 1998 zuwa 2000, har aka kira magariba ba mu cimma matsaya ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, dakarun Meles Zenawi na Habasha da na Isaias Afwerki na Eritriya tare suka yaƙi gwamnatin soja ta Mengistu Haile Mariam har suka kifar da ita a watan Mayun 1991, kuma gwamnatin Meles ta amince da 'yancin Eritriya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1993. Shekara biyar kacal bayan haka sai ga su suna kashe juna saboda Badme, wani ɗan ƙaramin gari na kan iyaka, har aka rasa rayuka dubun dubata. Ina roƙon masana su fayyace mini wanda ya kamata a ɗora wa alhakin wannan jini.

Malamin makaranta mai ritaya, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Idan hukuncin doka kake nema, an riga an yanke shi. Yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Aljeriya ranar 12 ga Disamba 2000 ta kafa hukumar sauraron ƙorafe-ƙorafen diyya, kuma a Disambar 2005 hukumar ta ce Eritriya ta karya dokar ƙasa da ƙasa lokacin da ta shiga Badme da tankokin yaƙi ranar 12 ga Mayu 1998, domin a lokacin garin yana hannun mahukuntan Habasha. Gaskiya ne cewa ranar 6 ga watan an yi arangama a yankin, aka kashe wasu sojojin Eritriya, amma hukumar ta ce irin wannan ƙaramar arangama ba ta kai hujjar tura rundunoni ba. Na gamsu da wannan hukunci ƙwarai. Ko da gonar taka ce, ba ka da ikon ɗaukar gatari ka sari wanda ka tarar a cikinta, wurin alƙali za ka kai shi. Ka kuma tuna cewa a 1998 Amurka da Ruwanda sun kawo shawarar kowa ya koma inda yake kafin rikicin, Habasha ta karɓa, Eritriya ta ƙi, kuma ba ta amince da daftarin sulhu na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ba sai da aka ƙwace Badme daga hannunta a Fabrairun 1999.

Ɗan kasuwa, Illela:

Allah ya gafarta Malam, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka kawo ba, amma labarin bai fara ranar 12 ga Mayu ba, kuma bai ƙare a 2005 ba. Har zuwa ƙarshen 1997 ƙasashen biyu kuɗi ɗaya suke kashewa, wato birr na Habasha. Da Eritriya ta fito da nata kuɗin, nakfa, sai Habasha ta ce manyan hada-hada tsakaninsu sai da dala, alhali ita kanta ba ta da gaɓar teku tun da Eritriya ta ɓalle, kuma mafi yawan kayanta ta tashar jiragen ruwa ta Assab da ke Eritriya suke shigowa. Duk wanda ya zauna a bakin iyaka ya san abin da irin wannan ke jawowa. Lokacin da aka rufe iyakarmu da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, na ga manyan motoci jere a Illela makonni a tsaye, direbobi suna kwana a ƙarƙashinsu a kan tabarma, kayan gwari suna ruɓewa ana zubarwa, alhali Ƙonni ga ta nan kusa, kuma mutanenta dangi ne da surukai. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, amma na ji maganganun da mutanen da suka shekara talatin suna ciniki tare suka fara faɗa a kan juna, har yau abin yana damuna.

Sannan a dubi abin da Habasha ta aikata bayan an fara. Ta kori mutane kusan 70,000 masu asali da Eritriya, da yawansu ba su san wata ƙasa ba sai ita, aka raba su da gidajensu da shagunansu. A Mayun 2000 ta kutsa can cikin Eritriya har ta kama garin Barentu. Abin da ya fi nauyi a wurina shi ne, a Afrilun 2002 hukumar shata iyaka ta yanke hukuncin da ya bar Badme a ɓangaren Eritriya, bayan kowa ya yi alkawari tun farko cewa hukuncin zai zama na ƙarshe, amma Habasha ta ƙi janyewa, ba ta furta cikakkiyar amincewa ba sai a Yunin 2018, bayan Abiy Ahmed ya hau mulki. Shekara 16 bayan hukuncin iyakar ta ci gaba da zama a rufe, iyalai a rabe. Wannan kason ba zai yiwu a ɗora wa Isaias shi ba.

Malama daga Arkilla:

Ina ganin Malam da Alhaji duk sun faɗi gaskiya, sai dai akwai abin da ya riga duka biyun. Abotar nan tun asali tana da tabo, domin a 1985, ana tsakiyar yunwa, ƙungiyoyin 'yan tawayen biyu, ta su Isaias daga Eritriya da ta su Meles daga yankin Tigray na Habasha, sun ɓata har ta Eritriya ta toshe wa ta Tigray hanyar da take bi zuwa Sudan, ba su shirya ba sai a 1988. Duk da wannan tarihi, da aka zo rabuwa a 1993 ba a shata iyaka a ƙasa ba, aka dogara da tsofaffin yarjejeniyoyin Italiya da Habasha na 1900 da 1902 da 1908, waɗanda suka ambaci koguna amma ba a taɓa bin su an kafa alamu ba. Ba a kuma tsayar da magana kan kuɗi ko kan matsayin 'yan ƙasar juna ba, saboda shugabannin suna ganin duk abin da ya taso za su kashe shi tsakaninsu.

Na ga irin wannan a gidanmu. Da aka raba gonar gado a fadama, mahaifina da ƙanensa suka ji nauyin shuka gamba a kan iyaka, wai kada a ce ba su yarda da juna ba. Sun zauna lafiya har suka koma ga Allah, amma 'ya'yansu sai da suka tsaya gaban alƙali saboda kunya uku ta albasa, kuma shekaru suka wuce ba a gaisawa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi tsakanin muminai. Saboda haka ni alhakin farko ina ɗora shi ne a kan shugabannin biyu tare, tun a 1993, lokacin da suke da ikon warware komai a zama ɗaya suka bar shi.

Malamin makaranta mai ritaya, Runjin Sambo:

Malama, na karɓi maganarki, haka ma ta Alhaji kan 2002, domin ƙin bin hukuncin da ka yi alkawarin bi babban laifi ne. Amma ba zan yarda a narkar da komai a ce laifin kowa ne ba. Nijeriya da Kamaru ma sun gaji iyaka mai ruɗani a Bakassi, har sojojinsu suka yi arangama, amma maganar ta je kotun duniya, aka yanke hukunci a 2002, aka miƙa yankin a 2008. Wannan hanyar a buɗe take ga gwamnatin Eritriya a makon farko na Mayun 1998, kuma akwai mutumin da ya ba da umarni tankoki su tsallaka.