"Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa": shin ta dace da noman wasan kwamfuta?

Ɗalibi daga Daura: Assalamu alaikum. Ina neman fatawar manya kan wannan karin magana, domin na kawo ta a wata muhawara kan RimWorld, wasan nan da ake kafa ƙaramin ƙauye a ciyar da mazaunansa. A cikinsa girman shuka ya rataya ne ga ƙarfin ƙasa da haske da zafi ko sanyi: ƙasa mai albarka tana da kashi 140 cikin 100 na ƙarfin ƙasa ta yau da kullum, mai tsakuwa tana da kashi 70, amma ko an yi ruwa ko ba a yi ba, shinkafa nuna take yi. Ni kuwa na ce wannan naƙasu ne, tunda ruwan da ya sauka a gonarka shi ne ruwa.

Malamin Hausa, Ƙofar Soro: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ja maganar inda ba nan aka nufa da ita ba. Bahaushe yana faɗarta ne kan wanda alherinsa ya iso gare ka, don a nuna cewa shi ya cancanci yabo, ba mai arzikin da sai labarinsa kake ji ba.

Manomi daga Mai'aduwa: Allah ya gafarta Malam, haka ake amfani da ita, amma ina ganin yaron bai kauce ba, domin sai da aka san halin ruwa kafin a kwatanta mutum da shi. Mu nan damina daga wajen Yuni zuwa Satumba take, kuma sau da yawa hadari zai juye a ƙauyen da ke maƙwabtaka da kai, gonarka kuwa ko yayyafi ba ta samu ba. Wanda ya yi binne, ruwa ya sauka sau ɗaya sannan ya ɗauke mako uku, ya yi asarar iri. Wasan da ya san tsananin sanyi yana kashe shuka amma bai san shuka tana buƙatar ruwan sama ba, manoman ƙasashen sanyi ya duba.

Ɗan Funtuwa: Baba, na yarda a sa ruwa cikin lissafin wasan, sai dai a haɗa shi da irin ƙasar, in ba haka ba gyaran rabi ne. Ruwan da jigawa za ta shanye nan take, gero ya ji daɗinsa, shi ne zai kwanta a fadama ya raya shinkafa, ya ruɓar da saiwar geron. Masarar da muke tinƙaho da ita a nan ba za ta yi yadda ake so a rairayin Daura ba, kuma alkamar da ake nomawa da ban ruwa sai sanyin hunturu take so.

Malamin Hausa, Ƙofar Soro: To, ga shi kun rushe hujjarsa da kanku. Idan ruwa ɗaya yana raya shinkafa ya kashe gero, ba kowane ruwan da ya dake ka ne ruwa ba. Ƙorafinsa kan wasan yana da tushe, amma ya nemo masa wata karin maganar.