Gajiyar ciwon MS ta hana ni ɗinki, ko akwai mai dabara?

Maman Biyu, Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ce, ina da ɗan shago a nan Agege. Bara likitan jijiyoyi ya tabbatar min ina da ciwon MS (multiple sclerosis, ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka), bayan an ɗauki hoton MRI na ƙwaƙwalwata da lakata. Ganin dishi-dishi da sagewar ƙafa sun lafa, alhamdu lillahi. Gajiya ce ta ƙi tafiya. Da safe ina ɗinki lafiya lau, amma ana kiran azahar sai jikina ya mutu murus, ƙafa ta kasa taka keke, ko awo na ɗauka sai lissafin ya rikice min. In na kwanta ma haka nake tashi. Surukata ta ce son jiki ne, wai mai ciwo ba ya ƙiba. Ga Sallah ta matso, kayan mutane sun taru. Don Allah wa ya san yadda ake zama da wannan abu?

Malama Nas, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ba son jiki ba ne. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu MS suna fama da gajiyar nan, kuma ga da yawa ita ce ta fi komai takura musu. A ciwon MS, garkuwar jiki ce take cinye rufin da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar wayar lantarki da aka ɓare mata roba. Saƙo yana wucewa, amma da ƙyar, don haka aikin da wata za ta yi ba ta ji ba, ke sai kin biya shi da ƙarfi mai yawa.

Batun azahar kuwa, zafi ne. Ko rabin digiri zafin jiki ya ƙaru, jijiyar da ta riga ta taɓu sai ta ƙara nawa. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Uhthoff, ya lura masu ciwon suna ganin dishi-dishi in sun motsa jiki. Ba sabuwar ɓarna ba ce, in jiki ya huce yakan sake. To ki haɗa da zufar Legas da shago mai rufin kwano.

Amma kada a ɗora wa MS komai. Ki ce a duba miki ƙarancin jini da tayirod na maƙogwaro da fitsari, don cutar mafitsara takan ɓuya ta ƙara kasala. Sau nawa kike tashi fitsari da dare? Kuma in kina shan baclofen don sandarewar ƙafa, shi ma yana sa barci.

Na Mile 12:
Hajiya, ni ma shi ne da ni, ko da yake an ce mata sun fi maza samunsa. Albasa nake sayarwa. Da asuba nake gama duk wani ciniki mai nauyi, kafin rana ta take na bar wa yarona rumfa. Ruwan leda mai ƙanƙara ba ya rabuwa da ni, in sha, in ɗora a wuya. Danfo da tsakar rana cikin gosulo kuwa na sallama shi, gara in jira babbar bas ta BRT ko Allah zai sa in dace da mai sanyi. Kuma ki huta tun kafin ki gaji. In kika bari sai kin faɗi, gobe ma ta tafi.

Baffan Yara:
Ni dai da za ku ji tawa, a haɗa da ruƙiyya. Mace da ƙuruciyarta jiki ya riƙa mutuwa haka kawai, ai abin dubawa ne.

Malama Nas, Idi-Araba:
Baffa, addu'a ba wanda ya hana, mu ma muna yi. Sai dai ciwon nan dama tsakanin shekara 20 zuwa 40 ya fi kama mutane, kuma ga tabonsa a hoto. Kada dai ta ajiye maganin asibiti.

Maman Biyu, kada ki sa rai sosai da ƙwaya. Akan rubuta amantadine ko modafinil, amma wani bincike da aka yi a Amurka, ya fito a 2021, ya nuna ba su fi ƙwayar da ba magani a cikinta rage gajiyar ba. A ganina motsa jiki kaɗan-kaɗan da sanyin safiya ya fi su amfani, ko da yake mai gajiya ba ya son jin haka. Ki nemi a tura ki wajen masu gashin ƙashi na asibiti su tsara miki daidai ƙarfinki. Ranar da za ki koma ganin likita kuma, ki tafi da maigidan ya ji da kunnensa, shi zai fi iya yi wa mahaifiyarsa bayani.

Maman Biyu, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Fitsarin dare kam ina tashi sosai, ban taɓa kawo shi a lissafi ba, zan faɗa wa likita. Yanka da awo zan mayar da su safe, in sa wa keken mota, ɗinkin Sallah kuma na rufe karɓa daga yau. Malam Na Mile 12, kai yaya kake yi da azumi, tunda ba halin shan ruwan sanyin?