Kik ɗin mota ya fara wasa: a gyara ko a sayo na Beljiyam?

Mai Corolla, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Corolla ce 2006, otomatik. Yau da asuba zan tafi Mile 12, na murɗa makulli sai na ji "ƙas" sau ɗaya, shiru. Na sake, haka. Yaron maƙwabcina ya ƙwanƙwasa kik ɗin, wato na'urar da ke tayar da inji, da sifana, motar ta tashi. Wani a tasha ya ce tunda sai an daka take tashi, kik ya gama aiki, in wuce kasuwar kayan mota ta Ladipo in sayo na Beljiyam, wato na hannu da ake kawowa daga waje, wai gyara asarar kuɗi ce. Haka ne?

Alhaji Mai Sienna: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka ƙanena. Kik ɗin da ya fara neman duka ba ya komawa daidai. Ka gyara yau, wata biyu ya ajiye ka a kan gadar Third Mainland, ka biya masu jan mota abin da ya fi kuɗin kik ɗin. Canza shi ka huta.

Oga Mai Wayarin, Idi-Araba: Alhaji, ranka ya daɗe, a nan kam ban bi ka ba. Dukan ya nuna inda ciwon yake ne kawai. Ko burushi, ɗan gawayin da ke kai wuta, ya cinye ba ya taɓa amecha sosai, wato sandar da ke juyawa a cikin kik, ko kuma tagullar da ke cikin salanoid, makunnin da ke jikin kik, ta ƙone. Kik ɗin Denso da ke zuwa a Toyota an san shi da wannan: ƙananan tagulla biyu ne suke ci, sai ka ji ƙas ɗaya, inji bai juya ba. In ka buɗe za ka ga gefe ɗaya ya lotsa ya yi baƙi. A canza su da burushi, a wanke, a sa ɗan giris, kik ya koma aikinsa.

Alhaji Mai Sienna: Ku masu gyara ai dole ku ce a gyara.

Oga Mai Wayarin: Wallahi ɗaura sabo ya fi min sauƙi Alhaji, kusoshi biyu ne da wayoyi biyu. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya kashe kuɗi bai san me ya lalace ba. Mai Corolla, kafin kowa ya kwance maka komai, a sa mita a batir. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 mota a kashe. In ka ga 12.2 ya kai rabi. A murɗa makulli mitar tana jone, in ta faɗi ƙasa da 9.6 batirin ake tuhuma. In motar ta tashi kuma, a ga altanata mai cajin batir na ba da wajen 14.

Ɗan Obalende: Oga ya taɓo wurin. Ni abin da na fi gani a Legas kan batir ne. Iskar nan mai laima da gishirin teku tana sa wannan farin garin ya taru a kan batir, ko wayar da ke zuwa jikin mota ta yi tsatsa. Rediyo zai yi, fitila za ta kama, mutum ya rantse batirinsa lafiya lau. To rediyo wuta kaɗan yake ja, kik kuwa ya haura amfiya 100. Wutar da ta ishi rediyo ba ta isa ta juya inji ba.

Mai Corolla: To ya zan bambance? Ba ni da mita a gida.

Oga Mai Wayarin: Kunna manyan fitilu ka murɗa makulli, wani ya tsaya a gaba yana kallo. In suka dushe sosai kana jin ƙas-ƙas-ƙas da sauri a jere, batir ne ko kansa. In ƙas ɗaya ne fitilu ba su ko motsa ba, wuta ba ta shiga kik ɗin, wato salanoid ko burushi. In shiru ne gaba ɗaya, mai da giya N ka gwada, a otomatik akwai makunnin da ke hana ta tashi in ba a P ko N take ba, sai kuma a duba fiyus da rile. In kuma kik na juyawa fuuu shi kaɗai inji bai motsa ba, bendis ne, ɗan ƙarfe mai haƙora da ke bakin kik, bai kama haƙoran flawil ba, wato babban faifan da ke juya inji.

Alhaji Mai Sienna: Duk na ji. Amma ku faɗa masa ɗaya gefen. Burushin da ake sayarwa yanzu nawa ne mai kyau? Kuma ba kowace mota ce Corolla ba. Land Cruiser mai V8 4.7, kik ɗinta a ƙarƙashin manifol yake, bututun da ke kai wa inji iska, a tsakiyar inji. Sai an kwashe saman injin kafin a gan shi. Wa zai biya wannan aikin sau biyu saboda burushi?

Oga Mai Wayarin: A wannan motar na yarda da kai ɗari bisa ɗari, a sa mai kyau a rufe. Haka in amecha ta ƙone, kana buɗewa ƙauri zai dake ka, nan ma ba na gyarawa. Amma tasa Corolla ce, hannu na kaiwa. Kuma shi na Beljiyam ɗin ai tsoho ne, daga jikin wata mota aka ciro shi, ba wanda ya san shekarar burushinsa. Wani ma nan gida aka gyara shi aka fesa fenti.

Baba Direban Tanka, Apapa: Yara ku saurara. Duk wanda ya sayi kik ba a jona shi a batir a gabansa ba, cinikin biri a sama ya yi. A sa masa wuta ka ga bendis ya yi tsalle ya fito yana juyawa da ƙarfi. Ka tafi da tsohon naka a jera su, a ƙirga haƙora, a duba ramukan kusoshi. A rubuta maka kwanakin garanti a rasit. Sannan ga damina: in motarka ta mutu a cikin ruwa, kada ka taɓa makulli. In inji ya sha ruwa ba zai juya ba, za ka ji ƙas ka ce kik ne, kana ta murɗawa har ka lanƙwasa rodin fistin.

Ɗan Obalende: Allah ya ƙara girma Baba. Mai Corolla, ka hana yaron nan dukan ma. Kik da yawa na yanzu maganaɗisu ne a cikinsu, duka mai ƙarfi na fasa shi, abin da zai gyaru ya tashi daga aiki. Kuma kada ka riƙe makulli ya wuce daƙiƙa 10, ka bari ya huce kafin ka sake.

Mai Corolla: Na fita na gwada yanzu. Ƙas ɗaya, fitilu ko gezau. Kan batir tsaf yake, na girgiza bai motsa ba.

Oga Mai Wayarin: To kawo ta gobe da safe. Kada ka kashe ta a hanya, otomatik ba ta tashi da turi. In wani ne zai kwance maka, ka tsaya a kansa ya fara cire kan batir na negatif, domin babbar wayar kik kullum da wuta take, sifana ta taɓa ƙarfe sai tartsatsi. Zan buɗe a gabanka ka gani da idonka.

Alhaji Mai Sienna: Ka je a buɗe ɗin. Amma ka riƙe kuɗin Ladipo a aljihu, a Mushin kasuwar take, ba nisa daga Idi-Araba. In amecha ce, kada ka bari a naɗe maka, ka sayo wani.

Oga Mai Wayarin: In amecha ce ni da kaina zan raka shi Ladipo, Alhaji.