Da daddare ya yi kyau, da safe ya tsage: masu zanen kwarara fenti, me kuka gani?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son masu zanen kwarara fentin akirilik su faɗa mini abin da suka gani da idonsu. Nakan zuba launuka bi da bi a kofi ɗaya, in kifa shi a kan allon zane, in ɗaga, in riƙa karkata allon har fenti ya rufe ko'ina. A lokacin ya yi kyau sosai. Washegari kuma sai in tarar fuskarsa ta dare, ko zanen ya zame gefe guda, idanuwan nan, wato ƙananan da'irorin launi da suka fito a fuskar zanen, duk sun miƙe sun lalace. Ina son wanda zan rataya a falo ne. A ina matsalar take?

Wani kafinta:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Zamewar nan daga teburinki ne. Fentin yana ci gaba da tafiya awanni bayan kin bar wurin, karkatar da ido ba ya gani ma ta ishe shi. Ni ba na zuba fenti sai na ɗora ma'aunin lebur na magina a kan allon, tsaye da kwance. Ina ɗora allon a kan kofuna huɗu masu tsayi ɗaya don rarar ta samu wurin ɗiga. In yadin da aka ɗaure a kan allon ya saki a tsakiya, ki fesa masa ruwa kaɗan ta baya ki bari ya bushe, zai ɗame. In ba haka ba fenti zai taru a tsakiya ya yi kududdufi.

Wata malamar zane:
Maganar Malam gaskiya ce, amma tsagewar daban take. Akirilik daga sama yake fara bushewa. Saman yakan yi fata alhali ƙasan yana jiƙe, sai fatar ta tsuke ta dare. Inda na fi ganin haka a wurin ɗalibaina shi ne idan sun bar fenti mai kauri a kan allon, saboda suna jin tausayin zubar da shi. Ki karkata har rarar ta sauka, ko da wani sashe da kike so zai tafi da ita. Allo mai santimita 30 kowane gefe, kusan mililita 150 na haɗaɗɗen fenti ya wadatar.

Sai kuma ruwa. Abin da ke riƙe launi a cikin akirilik wani irin gam ne, in ruwa ya yi yawa sai ya raunana. Ki tsinka fentin da ruwan haɗi da aka yi don wannan aikin, irin na kamfanin Liquitex, ruwa kuwa ɗigo-ɗigo. Ki ɗaga da tsinke ki duba: ya sauko a zare ɗaya kamar zuma mai ɗumi, ba ya yankewa. Kuma kowane launi ya zo da kauri ɗaya da sauran, wannan ne mutane suka fi sakaci da shi.

Kada ki kunna masa fanka, kada ki kai shi rana. Ki kifa masa babban kwali saboda ƙura, ki bar shi kwana 2 zuwa 3.

Wani ɗan uwa:
Malama, ni da farin gam na PVA nake haɗawa, gam kashi 7 ruwa kashi 3, kuma bai cika tsage mini ba. Wasu suna amfani da wani ruwan haɗi mai suna Floetrol, wanda asali don fentin gida aka yi shi.

Malamar zane:
Don koyo babu laifi, ɗan uwa. Sai dai gam yakan yi ɗorawa da tsufa, ba ya kuma jure laima. Wanda za a rataya shekaru, ni ba zan sa masa gam ba.

Wani malamin kimiyya:
Bari in taɓa maganar idanuwan. Launuka ba nauyinsu ɗaya ba. Farin titaniyam yana cikin masu nauyi, shi ya sa in yana sama yakan nutse, masu sauƙi su taso ta cikinsa su buɗe. Mai zanen bangon nan ɗan Meziko, David Alfaro Siqueiros, ya yi aiki da wannan dabarar a ɗakin gwajin da ya buɗe a New York a 1936, inda mai zanen nan ɗan Amurka, Jackson Pollock, ya halarta yana matashi. Da na fahimci haka sai na fara zuba fari a gindin kofin, don in an kifa ya dawo sama. Idanuwa suka riƙa fitowa ko ba man silikon, wanda ake ɗigawa a fenti don ya fito da idanuwa. In za ki sa man, ɗigo 2 ko 3 a kofi ya isa. Da ya yi yawa sai ya bar ramuka har yadin ya bayyana.

Wata 'yar uwa:
Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne banish, wato man ƙyalli da ake shafawa a ƙarshe don kare zane. Zane ya bushe lafiya, na shafa, sai ya ƙi kamawa a wasu wurare, ya yi tabo-tabo. Ashe silikon ne ya rage a saman. Yanzu nakan jira mako 3 zuwa 4, in goge fuskar a hankali da tsumma mai laushi da ɗan sabulun wanke-wanke, ta bushe, sannan in shafa banish siriri sau biyu. Ragowar fenti kuma kada a zuba a magudanar ruwa. A bar shi ya bushe a kan leda, ɓarewa yake yi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna teburin, lallai ya karkata ta hagu, kuma fankar ɗakin a kunne take kwana. Malama, saura abu ɗaya: ja da kore nake so, amma duk sanda suka haɗu sai su koma ruwan ƙasa.

Malamar zane:
Haka suke yi, kamar shuɗi da ruwan lemo. Ki raba su da fari a cikin kofin, ki zuba a hankali ta gefensa, kada ki juya. Karkatawar ma ki rage, yawanta ne ke cakuɗa su.