Littafin Malam ya rikice a maɗaba'a, ƙ ta koma q: don Allah a taimaka

'Yar Farin Gada:
Assalamu alaikum 'yan uwa abokan sana'a. Kaina ya ɗaure, ina neman agaji. Ina da ɗan shago a Farin Gada, Jos, aikina katin biki da kalanda da fosta, duk a CorelDRAW. Watan jiya malaminmu na firamare da ya yi ritaya ya kawo mini tarihin rayuwarsa in tsara masa. Shafi 96 ne, girman A5, da hotuna 14. Aka ce mini Corel ba ya son dogon rubutu, sai na koma InDesign, manhajar tsara littattafai, na yi sati uku ina fama har na gama. A kwamfutata komai tsaf.

Jiya na sa fayil ɗin a filashi na kai wata maɗaba'a a cikin gari. Yaron wurin yana buɗewa sai ga rubutun duk ya yi ruwan hoda kamar an watsa masa zoɓo. "Ƙasa" ta koma "qasa", "ɗalibi" ya koma "xalibi", "ɓangare" ya koma "vangare". Hotuna sun yi dishi-dishi, da ƙyar ake gane fuskar Malam. Abin da ya fi tayar mini da hankali, babin ƙarshe ya yanke a tsakiyar jimla, addu'ar da ya rufe littafin da ita ta ɓace ɗungurungum. Yaron ya ce wai bairos ce. Ranar Asabar mai zuwa za a ƙaddamar, an riga an raba kati. Ni kuwa da wane ido zan kalli Malam?

Ɗan Bukuru:
Wa alaikumus salam. Anti, kwantar da hankalinki, babu wata bairos. Tambaya ɗaya: fayil guda kika sa a filashin, mai .indd a ƙarshe?

'Yar Farin Gada:
Eh, shi kaɗai. Ai a Corel haka nake yi.

Ɗan Bukuru:
To nan gizo yake saƙar. Matsalolinki uku duk uwarsu ɗaya. Corel yakan haɗiye hotuna a cikinsa, shi kuwa InDesign yana tuna inda hoton yake ne kawai, ya ajiye ƙaramin kwafi na kallo. Da kika bar hotunan a gida, wannan ƙaramin kwafin kuka gani. Salon harafin ma bai bi ki ba. Ruwan hodar nan ita ce hanyar da InDesign yake cewa "ba ni da wannan harafin, na ari wani". Wanda ya aro ya fi naki faɗi, rubutu ya kumbura, ƙarshen babin ya rasa wurin zama. Addu'ar tana nan, ba ta je ko'ina ba. Da kin duba kusurwar akwatin rubutun ta ƙasa a dama, da kin ga wata 'yar alamar tarawa ja.

Ki shiga File ki danna Package, zai tara miki fayil da hotuna da haruffa a folda ɗaya. Ko ma ki huta, ki fitar da PDF ki kai musu. Kafin nan ki kalli ƙasan allon: ɗigo kore lafiya, ɗigo ja akwai gyara.

Mai Kwal Uku:
Duk wannan dogon turanci ne. Ki zaɓi rubutun duka ki mayar da shi zane, kamar yadda muke danna Ctrl+Q a Corel. A InDesign Ctrl+Shift+O ne. Harafi ya zama hoto, ba mai iya canza shi, ki kwana lafiya.

Editar Garki:
Haba ɗan uwa, shafi 96? Wannan dabarar ta fosta ce mai layi biyar. A littafi, da zarar ta yi haka gyara ya ƙare. Gobe Malam ya ce an rubuta sunan mahaifiyarsa ba daidai ba, sai ta yi yaya? Kuma jan layin da ke ƙarƙashin kalmomi yakan ɓace idan an mayar da rubutu zane. PDF da kansa yana ɗauke da haruffa a cikinsa, babu dalilin wannan aika-aika.

'Yar uwa, shawarar Ɗan Bukuru za ta kai ki Asabar. Amma ni akwai abin da ya tsaya mini a rai. Wannan "qasa" da kika gani, shi ne ainihin abin da ke cikin littafin. Malam bai taɓa buga ƙ ba, q ya buga, salon harafinsa ne ya yi mata kwalliya ta fito da ƙugiya. An cire kwalliyar, kin ga fuskar gaskiya. Ko PDF ɗin kika fitar, duk wanda ya kwafi sakin layi ya liƙa a Facebook, "xalibi" zai gani. Wanda ya nemi kalmar "ƙauye" a ciki ba zai same ta ba. Ni a wurina littafin bai tsaru ba sai an mayar da haruffan nan na gaske, na Yunikod, wato tsarin haruffa na bai ɗaya da kwamfutoci da wayoyi suke ganewa.

Baban Ofset:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika riƙe amanar malaminki. Editar Garki ta faɗi gaskiya, bari in ƙara da abin da muka gani da idonmu. Lokacin da muke aiki da PageMaker, tsohuwar manhajar tsara littafi, kwamfuta ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba. Kafin a samu mafita, da biro mai tsini muke zana ƙugiya a kan takarda, ɗaya bayan ɗaya, kafin a ɗauki fim. Wanda ya yi barci a shafi ɗaya, "ƙofa" ta fito "kofa". Da malamanmu suka ƙirƙiro haruffa irin su Rabi'at, ai sallah muka yi. Dabarar wasu ita ce a ɗauki maɓallan da Hausa ba ta amfani da su, q da x da v, a ɗora musu masu ƙugiya. Wasu kuma a kan alamomin baka suka ɗora, shi ya sa har yau za ki ci karo da "}asa" da "]aya" a tsofaffin rubuce-rubuce a intanet. Sun yi mana rana, ba na raina su. Sai dai PageMaker kansa tun fitowa ta 7 a 2001 Adobe ba ta sake yin sabo ba, mu kuma muna nan muna jan kayan zamaninsa.

Ki yi gyaran. Aikin awa ɗaya ne idan kin bi a hankali. Amma ki fara ajiye kwafi da wani suna daban, kin san halin wutar garin nan.

Editar Garki:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ga yadda za ki yi, 'yar uwa. Ki sauke salon harafin Charis SIL ko Gentium, kyauta ne, an yi su ne domin harsuna irin namu. Noto Serif na Google ma yana da su. Kada ki yarda da harafi don kawai kin ga ɓ da ɗ sun fito. A jadawalin Yunikod, ƙananan ɓ da ɗ suna rukuni ɗaya, ƙ da manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ suna wani rukunin, don haka sai ki samu harafi yana da waɗancan ba shi da waɗannan. Ni gwajina kullum shi ne in rubuta "Ɓarawo ya ɗauki ƙaho, Ɗanladi ya bi shi Ƙofa", in ga ko akwai wanda ya zama akwati.

Sai ki danna Ctrl+F. Ki kunna maɓallin da ke bambanta babban harafi da ƙarami, mai alamar Aa. Sau shida za ki yi: q, x, v su koma ƙ, ɗ, ɓ, sannan Q, X, V su koma Ƙ, Ɗ, Ɓ. A wurin Find Format ki zaɓi tsohon harafin Malam, domin canjin ya tsaya a kansa kaɗai. Sai kin gama duka shidan sannan ki sauya salon harafin littafin.

'Yar Farin Gada:
Innalillahi. Na yi, Hausar ta gyaru tas, amma yanzu wata ta ɓullo. Malam ya yi shekara shida yana koyarwa a Vom, babi guda ne a kai. Duk ya koma "Ɓom". Inda ya ambaci University of Jos ya zama "Uniɓersity". Dariya nake yi, hawaye na zuba.

Mai Kwal Uku:
Mutanen Ɓom suna gaishe ki. Da kin bi tawa da yanzu kina gida kina shan shayi.

Editar Garki:
Kin sauya harafin littafin duka kafin ki yi canjin, ko ba haka ba?

'Yar Farin Gada:
Haka ne, Yaya. Na ƙagu in ga yadda Charis zai fito, sai na zaɓi duka na sauya. Ban karanta layinki na ƙarshe da kyau ba.

Editar Garki:
Shi ke nan, ba a mutu ba. Duk inda Malam ya zo rubuta Vom, dole ya koma wani harafin daban, in ba haka ba shi ma da Ɓom zai gani. Wannan bambancin ne zai kare kalmomin turanci, ke kuma kika shafe shi. Ki koma kwafin da Baba ya sa ki ajiye, ki sake bi da tsari.

Tunda kina ciki, ga abu biyu da ke ɓata littattafan Hausa kullum. InDesign yana ɗaukar alamar da ke farkon "'ya'ya" da "'yan" a matsayin buɗe zance, sai ya juya ta baibai, ta yi kama da 6 maimakon 9. Ki nemi ‘y ki mayar ’y, haka da babban baƙi. Na biyu, ki kashe Hyphenate. Da ƙa'idar turanci yake yanka kalma a ƙarshen layi, yana iya raba t da s a "tsatsa", alhali a Hausa sauti ɗaya ne.

Baban Ofset:
Hotunan kuma fa, 'yata? Ta ina suka zo hannunki?

'Yar Farin Gada:
Ɗansa ne ya ɗauka da waya ya turo ta WhatsApp, Baba.

Baban Ofset:
Na yi zato. WhatsApp yana matse hoto, ko Package bai iya mayar da abin da aka riga aka matse. Ki je gidan Malam ki karɓo ainihin hotunan ki yi sikanin, ko ɗan ya sake turowa a matsayin Document ba hoto ba. Ki buɗe Links ki duba Effective PPI, wato ma'aunin ingancin hoton a kan shafi, ki nemi 300 ko kusa da haka. Tunda cikin littafin baƙi da fari ne, ki mayar da su launin toka, kuma rubutu ya zama baƙi zalla, K 100. Baƙin da ya taho daga Word wani lokaci yakan rabu a fileti huɗu, wato farantan da inji ke buga kowace kala da su, ki biya kuɗin kala a banza. Bango kuwa CMYK, kala huɗun maɗaba'a, ki bar masa milimita 3 a kowane gefe don wuƙar yanka.

'Yar Farin Gada:
Alhamdu lillahi, Vom ta koma Vom, addu'ar Malam ta dawo, ɗigon ya zama kore. Sai dai Charis ya fi tsohon cin wuri, shafuka sun kai 99. Na gode muku duka, har da kai Mai Kwal Uku.

Baban Ofset:
99 ba ta naɗuwa. Shafi 96 da kike da shi farko takarda shida ce cif, mai shafi 16 kowace. Ki rage girman harafin da rabin maki, ko ki ɗan matse tazarar layi, ki koma 96. Kada ki taɓa gefen ɗinki, gam zai cinye rubutu. Idan kin gama ki buga duka a firintarki, ki kai wa Malam ya karanta da jan biro ya sa hannu a shafin farko. Gobe bayan azahar ina shago, ki biyo da PDF ɗin in duba miki kafin a ƙona fileti. Ki taho da hotunan ma.